GANI DA KUNNE: Bayanin awon nono da na'urar amo

 Maganar da za mu yi yau magana ce wadda kunya ta daɗe tana lulluɓe ta, watau ciwon nono na mata, da wata na'ura da likitoci ke duba shi da ita. Mutanenmu sun san na'urar, suna ce da ita sikanin, amma yawancinsu sun ɗauka aikinta bai wuce duban mai juna biyu ba. Alhali kuwa tun kafin ta yi suna wajen duban ciki an riga an gwada ta a kan nono.

Abin da ya sa muka fuskanci maza da wannan bayani shi ne, a ƙasarmu mace ba ta kan tashi zuwa Gusau ko Sakkwato ba sai da iznin mai gida da guzurinsa, shi kuwa mai gida sau da yawa ba ya yanke shawara sai ya ji ta bakin malaminsa. In an komo da takardar likita kuma, hannun waɗannan biyu take faɗawa, a jujjuya ta, a tura cikin gafaka ko ƙarƙashin tabarma, ba wanda ya san abin da ta ce. Ran mace kuwa sau da yawa yana rataye ne da lamba guda ɗaya da ke ƙarshen wannan takarda.

Ga girman al'amarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 1,443 zuwa 1,444 ta Hijira, watau 2022 ta Miladiyya da ke cikinta, mata kamar miliyan 2.3 aka samu da sankarar nono a duniya, wajen 670,000 kuma suka rasu. A Nijeriya kaɗai ƙiyasin wannan shekara ya haura mata 32,000 da suka kamu, waɗanda suka rasu sun haura 16,000, watau kusan ɗaya ga kowane biyu. A ƙasashe masu wadata, cikin mata 100 da aka samu da ciwon, fiye da 90 suna nan da rai bayan shekara biyar. Ba wai jikin matan can ya fi na namu ƙarfi ba ne. Babban bambancin shi ne su ana gane abin tun yana ɗan ƙullutu, namu kuwa sau da yawa sai ya fashe ya yi gyambo sa'an nan a nemi mota. Amma kada wannan ya firgita kowa, domin hukumar nan ta ce har kashi 90 cikin 100 na ƙullutun da ake ji a nono ba sankara ba ne. Aikin na'urar amo shi ne ta taimaka a ware tsakanin mai lahani da marar lahani.

Asalin hikimar

Wanda ya taɓa leƙa rijiya mai zurfi ya yi kira, ya san muryarsa takan komo masa, ya kuma san in rijiyar ta fi zurfi amsar takan fi jinkiri. Mai sayen tukunya a kasuwa yakan ƙwanƙwasa ta, in ta yi amo garau ya biya, in ta yi amo dusashe ya san akwai tsaga ko da idonsa bai gan ta ba. To, duk ilmin na'urar nan cikin waɗannan biyu yake: tsawon lokacin da amsa ta yi kafin ta komo, da irin ƙarfin da ta komo da shi.

Jemage ya riga ɗan Adam sanin haka. Wajen 1794 wani malami ɗan Italiya, Lazzaro Spallanzani, ya gwada ya ga jemage ko ba ya gani yana shawagi cikin ɗaki ba ya karo da kome, amma in an toshe masa kunne sai ya ruɗe. Daga baya aka gane ƙara yake fitarwa mai tsinin da kunnenmu ba ya kamawa, yana sauraron komowarta. Kunnen mutum ba ya jin amon da kaɗawarsa ta wuce sau 20,000 a sakan guda. Na'urar duban nono kuwa tana aiki da amo mai kaɗawa sau miliyan 7 zuwa miliyan 15 ko fiye a sakan, shi ya sa wadda ake aunawa ba ta jin kome.

A 1880 waɗansu 'yan'uwa biyu Faransawa, Pierre da Jacques Curie, suka gano akwai wani irin dutse mai ƙyalli wanda in an matse shi yakan ba da wutar lantarki. Ba da jimawa ba aka tabbatar in an sa masa wutar shi kuma sai ya yi rawa. Watau abu guda ya zama baki, ya kuma zama kunne. Bayan nutsewar babban jirgin ruwan nan Titanic a 1912, da kuma Yaƙin Duniya na Farko, wani Bafaranshe, Paul Langevin, ya yi amfani da wannan dutse don neman jiragen da ke tafiya ƙarƙashin teku. Masu ƙira kuma suka ɗauki dabarar suna neman tsaga cikin ƙarfe, daidai da mai ƙwanƙwasa tukunya.

Wanda ya fara juya abin zuwa nono shi ne John Wild, likita haifaffen Ingila da ke aiki a Amurka. Da wata na'ura ta koyar da sojan ruwa ya fara, a 1951 ya buga labarin cewa ƙari yana mai da amo dabam da lafiyayyen nama, a 1952 kuma shi da abokin aikinsa John Reid suka fitar da hotuna. A Sikotilan kuwa, Ian Donald na birnin Gilasgo ya ɗebi ƙari iri iri da aka cire daga jikin majinyata a 1955, ya kai su wata masana'antar tukwanen ƙarfe, ya roƙi a ɗora musu na'urar neman tsaga. Nan ya ga mai ruwa da mai tsoka ba su amsawa iri ɗaya. Rubutunsa na 1958 shi ya buɗe ƙofar duban ciki da kowa ya sani yau.

Yadda ake awon

Mace takan kwanta rigingine, ta ɗaga hannun gefen da za a duba ta ɗora bisa kanta, a sa mata ɗan matashi ƙarƙashin kafaɗa don ta ɗan karkata. Hikimar wannan kwanciya ita ce nono ya baje bisa ƙirji ya rage kauri, amo ya ratsa shi da sauƙi. Sa'an nan a shafa wani mai mai yauƙi, kamar ruwan kuɓewa amma garau. Waɗansu sukan ɗauka magani ne, ba magani ba ne. Iska ce abokiyar gāban wannan amo, ko 'yar kaɗan ta shiga tsakanin fata da na'ura sai kusan dukan amon ya koma baya tun daga bakin ƙofa. Man nan shi ke korar iskar.

Sai mai awo ya ɗora kan na'urar, wani abu da bai wuce tafin hannu ba, yana jan shi a hankali. Amo yana tafiya cikin nama kamar mita 1,540 a sakan, ya ninka saurinsa cikin iska fiye da sau huɗu. Abin da ke zurfin santimita 3 amsarsa takan komo cikin kamar kashi ɗaya bisa 25,000 na sakan. Kwamfuta ce ke lissafa waɗannan amsoshi, ta jera su bisa allon gilashi, abin da ke kusa da fata a sama, abin da ke zurfi a ƙasa. Mai duban allon zai ga fata a bisa kamar siririn layi, ƙarƙashinta kitse, sa'an nan naman nono mai yin ruwan nono, sa'an nan tsokar ƙirji, can ƙasa haƙarƙari.

A nan akwai abin da ya kamata mai biyan kuɗi ya lura da shi. Kan na'ura iri iri ne. Wanda ake duban mai ciki da shi bakinsa a lanƙwashe yake, amonsa mai kauri ne, kamar kaɗawa miliyan 3 zuwa 5, yana nitsewa da zurfi amma ba ya rarrabe ƙananan abubuwa. Na nono bakinsa miƙaƙƙe ne, amonsa siriri, ba ya zurfi amma yana nuna abin da bai kai ƙwayar wake ba. Ba kowane ɗakin sikanin ke da miƙaƙƙen ba. Wanda ya duba nono da kan na'urar ciki, kamar wanda ya auna zinariya ne da sikelin gyaɗa. Don haka ba rashin ladabi ba ne a tambaya tun kafin a biya, a ce, "Malam likita, kuna da kan da ake duban nono da shi?"

Bututun ruwan nono duka sun nufi kan nono ne, kamar yadda hanyoyin ƙauyuka suke nufar kasuwar Shinkafi ran Alhamis. Saboda haka gwanin awo yakan bi su daga kan nono zuwa waje, ya zagaye duka, sa'an nan ya juya na'urar ya gitta su. Duk abin da ya gani sai ya dube shi ta fuska biyu, domin abin da ya bayyana ta fuska guda kaɗai yana yiwuwa kitse ne ko inuwa. Ba ya kuma gamawa sai ya leƙa hammata, inda kaluluwa take. In ya sami wani abu, yakan rubuta wurinsa da lissafin fuskar agogo, a ɗauki kan nono a matsayin tsakiyar agogon. In an ce nonon dama, ƙarfe 10, santimita 4 daga kai, to ko wane likita a Sakkwato ko Zariya ya karanta zai ɗora hannunsa daidai wurin. Awon duka ba ya kan wuce minti 15 zuwa 30, ba yanka, ba allura, ba kuma irin hasken nan na hoton ƙashi. Mai ciki da mai goyo duk ana yi musu ba fargaba.

Game da sutura kuwa, malamai sun fi mu sanin abin da masana fiƙihu suka faɗa kan larurar magani, da cewa ana buɗe gwargwadon bukata ne. Abin da za mu ƙara kawai shi ne, ana iya roƙon mace ta yi awon in akwai ta, in babu kuwa haƙƙin majinyaciya ne wata ma'aikaciya ko 'yar'uwarta ta tsaya a ɗakin har a ƙare.

Kalmomin takarda

Yanzu mu zo ga inda maganar ta fi nauyi. Takardar da Turanci ake rubuta ta, amma in ɗan makarantar boko ya karanta muku da ƙarfi za ku ji waɗansu kalmomi suna ta maimaituwa, ga ma'anarsu.

Hoton ba shi da launi sai baƙi da fari da toka-toka. Inda amo ya komo da ƙarfi wurin yakan yi fari, inda bai komo ba sam yakan yi baƙi wuluk kamar tawada. Ma'aunin da ake gwada kome da shi shi ne kitsen nono. Abin da bai mai da amo ba ana ce masa an'ekoyik, watau marar amsa. Wanda ya fi kitse duhu, haifo'ekoyik, mai ƙarancin amsa. Wanda ya fi kitse haske, haifa'ekoyik, mai yawan amsa. Ku lura, tsakanin biyun nan na ƙarshe wasali guda ne a kunne, ma'ana kuwa gabas da yamma. Ma'abota ajami ba sa bukatar a gaya musu ɓarnar da ɗigo ɗaya ke yi.

Ruwa tsantsa ba ya mai da amo, saboda haka jakar ruwa, wadda suke kira sist, takan fito baƙa ƙirin, da baki sumul kamar an zana da alƙalami. Tun da amon ya ratsa ruwan bai gaji ba, naman da ke bayan jakar yakan fi na gefensa haske. In waɗannan alamu sun cika, baƙi tsantsa, baki sumul, haske a baya, likita yakan sallami mace da kwanciyar rai. Wannan ne babban alherin na'urar tun zamanin Ian Donald, rarrabe ruwa da tsoka, abin da yatsa ba ya iyawa.

In abin tsoka ne, sai a dubi siffarsa. Mai siffar ƙwai, wanda ya kwanta bisa tsawonsa daidai da shimfiɗar fata, faɗinsa ya fi tsayinsa, bakinsa a tsare, yawanci mai sauƙi ne. Irin wannan shi ne faiburo'adinoma, ƙullutun 'yan mata da matan da ba su kai 35 ba, wanda in an taɓa yakan zille ƙarƙashin yatsa. Abin da ke tayar wa likita hankali shi ne kishiyar wannan: siffa marar tsari, wadda ta miƙe tsaye tsayinta ya fi faɗinta, bakinta ba a gane iyakarsa, ko yana da kusurwoyi, ko ya fitar da ƙafafu kamar saiwar ƙaiƙayi. Dalili a fili yake. Ƙullutu mai sauƙi ture maƙwabtansa yake yi, yana bin shimfiɗar nama yadda ya same ta. Sankara kuwa keta shinge take yi, kamar gonar da ke cin iyaka, ba ruwanta da shimfiɗa. Sau da yawa kuma takan shanye amon, sai a ga baƙar inuwa ta zubo ƙarƙashinta. Wani likita Ba'amurke, Thomas Stavros, da abokan aikinsa su suka tsara yawancin waɗannan alamu cikin wani rubutu na 1995, har yau kuwa da su ake koyarwa.

Amma fa alama ba hukunci ba ce. Akwai sankara mai baki sumul, akwai kuma tsohon tabo mai yin inuwa ba shi da wani lahani.

Akwai ƙarin dabaru biyu. Ɗaya ita ce Dofla, da sunan Christian Doppler ɗan Ostiriya wanda ya bayyana ƙa'idarta a 1842. Wanda ya tsaya bakin titin Ƙaura ya san kukan mota yakan yi tsini in tana tahowa, ya yi kauri in ta wuce. Da wannan ake gane gudun jini, sai allon ya nuna ja da shuɗi. Kada wanda ya ga ja ya ce ga ciwon nan, launin yana nuna inda jinin ya nufa ne kawai. Ta biyu ita ce awon tauri, ilastogirafi, wadda ke gwada ko abin yana lotsawa ko kuwa ya ƙi, domin sankara ta fi yin tauri. Ba kowace na'ura ke da ita ba, kuma ba a yanke hukunci da ita kaɗai.

Masu goyo suna da nasu babi. Nono yakan kumbura ya yi ja, ya yi zafi, har da zazzaɓi. Na'urar takan nuna ko kumburi ne kawai wanda magani zai kwantar, ko kuwa mugunya ta taru, abin da suke kira absas. In ta taru, likita yana kallon allo yana shigar da allura har cikinta ya zuƙe, sau da yawa ba sai an tsaga ba, mace ta ci gaba da shayarwa. Ku gwada wannan da sakiya, inda ake soka ƙarfe mai zafi bisa ƙiyasi. Wani lokaci kuma ruwan nono ne ya taru cikin jaka, galaktosil, ba shi da lahani. Sai dai akwai wata muguwar sankara mai shigar burtu, takan zo da ja da kumburi, fata ta yi kamar ɓawon lemo. Saboda haka kumburin da aka sha magani mako ɗaya zuwa biyu bai sauka ba, a koma wa likita, kada a ce goyo ne.

Lambar ƙarshe

'Yan kasuwar da suka ji labarin zamanin gyaɗa, tun jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, sun san ba a sayen kaya sai an ba shi daraja. Haka likitocin hoto na Amurka suka yi. A 1993 ƙungiyarsu ta fitar da wani tsari mai suna BI-RADS domin hoton nono, a 2003 aka shigar da awon amo cikinsa, ana kuma ta gyara shi. Manufarsa likitan Gusau da na Kano da na Makka su yi magana da harshe guda. A ƙasan takarda za ku ga wannan suna da lamba kusa da shi, daga sifiri zuwa shida.

Sifiri ba ya nufin ba kome, a kiyaye. Ma'anarsa awo bai kammala ba, ana bukatar wani hoto. Lamba 1 ita ce ba a ga kome ba. Lamba 2, an ga wani abu amma tabbas marar lahani ne, kamar jakar ruwa. Lamba 3, ga dukan alamu marar lahani ne, zaton sankara bai wuce 2 cikin 100 ba, amma a komo bayan wata shida a sake aunawa a ga ko ya girma. Lamba 4 akwai tuhuma, ita kuwa faɗi gare ta ƙwarai, daga sama da 2 har ƙasa da 95 cikin 100, shi ya sa aka raba ta uku: 4A har zuwa 10 cikin 100, 4B har zuwa 50, 4C sama da haka. Lamba 5, zato ya kai 95 cikin 100 ko fiye. Lamba 6 ta wadda aka riga aka tabbatar mata ce, ana bin yadda magani ke ci.

A ganinmu lambobin da suka fi cutar mutanenmu su ne 3 da 4. Mai 3 takan ji an ce ba kome, ta tafi ba ta sake komowa. Mai 4 kuwa takan ji kalmar tuhuma, gida ya ɗauki kuka, a fasa asibiti a shiga neman magani wani wuri, alhali in 4A ce, cikin mata goma tara lafiya lau za a same su. Hukuncin 4 da 5 guda ne, a ɗebi nama a gwada.

Wannan ɗiba, bayofsi, ita ce inda ake yawan tirjewa. Magana ta bazu a ƙasar Hausa cewa daji ba ya son ƙarfe, in allura ta taɓa shi sai ya haukace. Abin da ya sa maganar ta kama zukata ba ɓoyayye ba ne: yawancin waɗanda aka kai asibiti an kai su ne bayan ciwo ya ci ƙarfinsu, aka taɓa, suka rasu, sai aka ɗora wa allura laifin jinkiri. Kowane ɗan kasuwar hatsi ya san ba a sayen buhu sai an soka masa ƙarfen nan an zaro 'yan ƙwayoyi an duba a tafin hannu. Haka bayofsi yake. A kashe zafin wurin, likita na kallon allurar bisa allo har ta shiga ƙullutun, a zaro 'yan silala kamar zaren taliya, a rufe da filasta, mace ta tashi da ƙafarta. Masu duban nama da madubin ƙara girma su ke faɗin kalmar ƙarshe, su kuma faɗi irin sankarar, domin iri iri ce, kowace da maganin da take ji. Likitoci suna tsayawa ne kan shaidu uku: hannun likita, da hoto, da gwajin nama. In biyu sun ce lafiya ɗaya ya ƙi, ba a sallami shari'ar ba.

Na'urar amo tana da iyakarta. Akwai waɗansu 'yan ɗigo-ɗigon alli ƙanana ƙwarai da sukan zama farkon alamar sankara tun ba a jin kome da hannu, waɗannan ɗayan hoton ne ya fi kama su, mamogiram, wanda ake matse nono tsakanin faranti biyu. Shi ya fi dacewa da matan da suka kai 40. Matasa kuwa naman nononsu a cushe yake, yakan fito fari fat a mamogiram ya ɓoye abin da ke ciki, don haka da amo ake fara musu. Sau da yawa akan haɗa biyun. Har wa yau, ingancin awon amo yana hannun mai riƙe da na'urar ne, abin da bai bi ta kansa ba ba zai fito a hoto ba. In takarda ta ce lamba 1 amma mace tana jin ƙullutu da yatsanta, maganar ba ta ƙare ba, a koma wa likita.

Daga Moriki zuwa ina?

Tsani ne mai hawa-hawa. Akwai manyan asibitocin gwamnati a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, nan ya kamata a fara, likita ya duba ya rubuta takardar turawa. A Gusau akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Gaba da nan akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, Zariya, inda aka kafa sassan gashin sankara da haske, a 2025 kuma aka buɗe cibiyar sankara a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ƙasashe ma'auni: daga ranar da mace ta fara kai kuka asibiti zuwa ranar da za a gama hoto da gwajin nama, kada a wuce kwana 60.

Ba mu jahilci halin hanya ba. Shekaru ke nan 'yan bindiga sun addabi arewacin Zamfara, har a Satumba ta 2021 aka rufe kasuwannin mako aka yanke layukan waya. Wanda tafiya ke yi wa tsada haka, dole ya sa kowace tafiya ta biya bukata. A tambayi ranar da ake awon kafin a tashi. A riƙe dukan tsofaffin takardu da hotuna, domin likita na son gwada girman jiya da na yau, milimita da milimita. Kada a baro wurin sai an ga takarda ta faɗi gefen, da ƙarfe nawa, da girma, da halin hammata, da lamba. Yanzu har an ƙera kan na'ura da ake haɗawa da wayar hannu, irin Butterfly iQ da hukumar Amurka ta amince da shi a 2017, mai shiga aljihun riga. Attajiran da ke neman abin da za su taimaki asibitin garinsu da shi su sani, sayen na'ura rabin aiki ne, sauran rabin shi ne koyar da hannun da zai riƙe ta, in an sami mace ya fi.

Alamun da ba a jira da su kuwa su ne ƙullutu a nono ko hammata ko da ba ya zafi, domin sankara a farkonta yawanci ba ta zafi. Da kan nono da ya shige ciki alhali da ba haka yake ba. Da jini ko ruwa daga kai guda ba goyo. Da lotsawar fata. Da gyambon da ya ƙi warkewa. Maza ma kada su ce ba ruwansu da kansu, kusan ɗaya cikin kowane 100 na masu wannan ciwo namiji ne, awonsa kuma iri ɗaya ne da na mace.

Ga mai lamba 3, malam ya taimaka da lissafin wata, ya rubuta shi da ajami a bayan takardar yadda mai gida zai iya karantawa. Wadda aka auna a Muharram ta koma a Rajab, ta Rabi'ul Awwal ta koma a Ramadan, ta watan Babbar Salla kuwa a Jimada Sani. In ƙullutun ya ƙaru kafin lokacin ya cika, ba a jiran watan.